Daga Kantin Tabarau Zuwa Asibitin Koyarwa

A shekarar 1892 wani mai sana'ar tabarau a birnin New York, Charles Prentice, ya karɓi dala uku ladan auna idon wani mutum. Likitoci suka yi masa ca, suka ce ya shiga gonar da ba tasa ba. A wancan zamani awon ido ciniki ne kawai. Sau da yawa mai sayar da agogo da zobba shi ke ajiye tabarau a gefen kanti, mai saye ya yi ta gwadawa har ya dace, yaron kanti kuma ya koyi aikin a gaban maigidansa.

Shekara biyu bayan haka wani likitan ido, August Klein, ya buɗe makarantar koyar da masu tabarau a Boston, wadda tun 1976 ake kira New England College of Optometry. Jihar Minnesota ta fara yi wa sana'ar doka a 1901, zuwa 1924 kuwa dokar ta game Amurka duka. Da lasisi da jarrabawa suka shigo, sai ya zama dole ɗalibi ya zauna gaban majiyyaci na gaske kafin a sallame shi, domin gani ya kori ji. Makarantu suka shiga buɗe ɗakunan duba ido nasu na kansu.

Tafiyar da irin wannan wuri ba ƙaramin aiki ba ne, don mutum biyu ake yi wa hidima a kujera ɗaya. Ɗalibi ne ke karɓar majiyyaci, ya ji kokensa, ya sa shi karanta haruffan allo, ya sauya masa gilasai har gani ya daidaita. Sannan ya fita ya yi wa malami bayani, malamin ya shigo ya sake dubawa da idonsa, ya sa hannu a kati. Abin da ƙwararre zai gama cikin rabin awa yakan ci ninkin haka ko fiye. Majiyyaci yana biya da haƙurinsa, shi ya sa akan sassauta masa kuɗi. Makaranta kuma tana biyan malamin da ke kula da ɗalibai uku ko huɗu maimakon ya duba layin marasa lafiya. Shugaban da ya matsa a yi sauri don kuɗin shiga ya cuci ɗalibi, wanda ya saki lokaci sakaka kuwa ya wayi gari benci babu kowa.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan. Asibitin da ke cikin harabar makaranta galibi matasa yake samu, masu neman gilashin karatu ko na hangen nesa. Muddin aikin bai wuce yanka tabarau ba, hakan ya isa. Amma a 1971 jihar Rhode Island ta halatta wa masu awon ido amfani da maganin ɗigawa mai faɗaɗa ƙwayar ido, West Virginia kuma ta ba su izinin rubuta magani a 1976. Wanda aka ba damar leƙa bayan ido an ɗora masa alhakin gane hawan jinin ido da ɓarnar ciwon suga, kuma ba zai gane abin da bai taɓa gani ba.

A ganina nan ne makarantar Boston ta yi abin a yaba. A farkon shekarun 1970, zamanin shugabancin William Baldwin, ta fara tura ɗalibanta cibiyoyin lafiya na unguwannin talakawa kamar Dorchester. Can suka tarar da tsofaffin da suka shekara da shekaru ba a duba idonsu ba, suka koyi aiki kafaɗa da kafaɗa da likitoci da ma'aikatan jinya, suka koyi lokacin da ya kamata su ce wannan ya fi ƙarfinsu, a kai shi wajen likitan tiyata.

Nijeriya ta ɗauki wannan karatu a Jami'ar Benin cikin shekarun 1970, Doka ta 34 ta 1989 ta kafa hukumar rajistar masu sana'ar, yau kuma shekara shida ake yi kafin a samu digiri. Makarantun sun daɗe a Kudu kafin Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe nata sashen, alhali nauyin makanta ya fi yawa a Arewa. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 6.1 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama a Arewa maso Gabas makafi ne, a Kudu maso Yamma kashi 2.8. Ya kuma gano cewa kusan rabin idanun da aka yi wa aikin yana, masu aikin gargajiya ne suka tura yanar ciki. Waɗannan mutane ba sa zuwa harabar jami'a, kuma ɗalibin Kano ba zai haɗu da su ba sai malamansa sun kai shi asibitocin ƙauye.