Kyoto: tsohon birnin sarakunan Japan ga matafiyi mai jakar goyo

Kyoto ita ce fadar sarakunan Japan tun daga shekarar 794, sama da shekara dubu, kafin sarki ya koma Tokyo a 1869. Yaƙin duniya na biyu bai rusa ta kamar Tokyo da Osaka ba, an ma cire sunanta daga jerin biranen da Amurka ta yi niyyar jefa wa bam ɗin nukiliya. Shi ya sa tsofaffin gidajen katako da wuraren ibada suke nan. A 1994 UNESCO ta saka wurare 17 na birnin da kewayensa cikin kayan tarihin duniya, jerin da tsohon garin Agadez ya shiga a 2013.

Ɗan Nijar sai da biza, kuma ofishin jakadancin Japan da ke Abijan ne ke kula da Nijar. Daga filin jirgin Kansai, jirgin ƙasa Haruka na kai mutum Kyoto cikin kusan minti 75. Daga Tokyo kuwa Shinkansen na yin awa biyu da ƴan mintoci.

Mai tafiya shi kaɗai ba ya shan wahala a nan: sata ba ta da yawa, masaukai masu araha na gado-gado suna ko'ina, akwai kuma akwatunan ajiyar kaya na kuɗi a tasha. A ajiye babbar jakar a can, don bas ɗin birni na cika maƙil, mazauna kuma sun gaji da kayan baƙi.

Fushimi Inari ya fi dacewa da mai ƙaramin aljihu. Shiga kyauta ne, ba a rufe shi dare da rana, kuma dubban ƙofofin katako jajaye sun jeru har saman dutse mai tsayin mita 233. Hawa da sauka na cin awa biyu zuwa uku. Wanda ya je da asuba zai samu hanya fayau. Da hantsi ya yi, sai turereniya. Kinkaku-ji mai bangon da aka lulluɓe da zinariya na da kyau a hoto, amma ginin na 1955 ne, bayan wani matashin ɗan ibada ya cinna wa na asali wuta a 1950.

A unguwar Gion, ɗaukar hoto a lungunan masu zaman kansu na iya jawo tarar yen 10,000, kusan jaka 40 na sefa.

Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci: romon ramen galibi na alade ne, wasu miyoyin kuma akwai mirin, wani ruwan shinkafa mai barasa. Kwandunan shara ba su da yawa a titi, mutum na riƙe shararsa har masauki. Lokacin zafi, Yuli da Agusta, gumi ya fi na Zinder naci saboda duwatsu sun kewaye birnin. Nuwamba ya fi daɗin yawo, sai dai masaukai na tsada.