Lokutan Shekara da Hanyar Zuwa Gindin Dutse: Nazari daga Ƙasar Daura

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda lokutan shekara ke buɗe hanya ko su toshe ta ga matafiyin da ya tashi daga ƙasar Daura da niyyar hawan dutse. A ƙasashe masu sanyi dusar ƙanƙara ce ke yanke wannan hukunci, a nan kuwa rairayi ne da marka da hazo. An kwatanta halin ƙasar Daura da na tsaunukan Azbin da na Atlas, aka nuna cewa zancen da aka saba yi, wai rani ke buɗe hanya damina ta rufe ta, bai dace da ƙasar jigawa ba. Abin da ke hana isa gindin dutse shi ne guntun hanyar da ke tsakanin ƙarshen kwalta da dutsen, kuma har yanzu sanin halin wannan guntu a bakin mutane yake, bai shiga takarda ba.

1.0 Gabatarwa

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, galibinta jigawa, don haka mai neman dutsen hawa sai ya fita waje. Daga cikin na kusa akwai tsaunukan Kazaure a Jihar Jigawa, kan hanyar Kano. Gaba da su akwai Dala da Goron Dutse a cikin birnin Kano, da Kufena a Zariya. In kuma arewa aka dosa, ta Kongolam ake ƙetarawa zuwa Damagaram, daga nan Agadas, har tsaunukan Azbin, inda ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022.

Dala bai shiga wannan nazari ba, domin gari ya kewaye shi, titi ya kai gindinsa, an kuma yi masa matakala. Duwatsun karkara su ne abin dubawa, waɗanda sai an bar kwalta an bi burji, an bar burji an bi burtali ko turbar gona kafin a taɓa su.

2.0 Ma'auni

Bankin Duniya ya fito da wani ma'auni a shekarar 2006, wanda daga baya ya shiga Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa. Ana ƙirga mutanen karkara da ke zaune cikin tazarar kilomita 2 daga hanyar da mota ke iya bi duk shekara. Ma'aunin yana da amfani, amma ya raba hanyoyi gida biyu kawai: mai biyuwa kullum da wadda ba ta biyuwa. Bai faɗi watan da hanya ke rufewa ba, bai kuma faɗi abin da ke rufe ta ba, alhali waɗannan su ne tambayoyin matafiyi.

Masu hawan Tubkal a tsaunukan Atlas na Maroko, dutse mai tsawon mita 4,167, sun daɗe da warware wannan. Mota tana tashi daga Marrakesh ta tsaya a ƙauyen Imlil, daga nan sai ƙafa da alfadari. Da hunturu dusar ƙanƙara kan rufe saman dutsen har zuwa farkon bazara, alfadari ya tsaya inda dusar ta soma, mai hawa kuma ya ɗaura ƙarafa masu haƙora a takalmi. Jagorori suna da bayanin kowane wata, baƙo yana samunsa tun kafin ya bar gida. Wannan tsari na bayani wata-wata shi aka ɗauka aka auna ƙasar Daura da shi.

3.0 Abin da Kowane Lokaci ke Yi wa Hanya

Ruwan ƙasar Daura kaɗan ne, bai cika wuce milimita 700 a shekara ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, mafi yawa a Agusta. Wanda ya tsaya ga wannan adadi zai ɗauka watanni takwas na rani duk lokacin tafiya ne. A hanyar laka haka ne. A jigawa kuwa abin juyawa yake yi.

Rairayi in ya bushe ƙamas ba ya riƙe kansa. Daga Maris zuwa Mayu, bayan iskar hunturu ta gama tara shi a kwaruruka da burtaloli, kofaton shanu da ƙafafun amalanke sun niƙe shi, ƙaramar mota tana barin burji take kafewa. Direba ya ƙara wuta, taya ta ƙara tona wa kanta rami. Abin da gogaggu ke yi shi ne su rage iskar taya don ta baje, su kama giya ɗaya ba tsayawa, su kuma fita da sassafe kafin rana ta take. Da an yi ruwan shuka sau biyu ko uku, laima ta ɗaure ƙwayoyin yashin, sai hanyar da ta gagara a Afrilu ta kwanta. Saboda haka ƙarshen Yuni da farkon Yuli, lokacin da baƙo ke tsoron fita, na cikin lokutan da hanyar jigawa ta fi daɗin bi.

Marka ce ke canza lissafin. A Agusta ƙasa ta ƙoshi, ruwa ya daina nutsewa ya koma gudu. Ba duk hanyar ke lalacewa ba, wurare ƙalilan ne: mashigin fadama, bakin ƙorama, kwalbatin da yashi ya toshe har ruwa ya ci gefensa. Taku hamsin na taɓo sun isa su raba mutum da dutsen da yake hange da idonsa. Gindin dutse ya fi ko'ina haɗari, domin fa ba ya shan ruwa. Duk abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi lokaci guda ya haƙa kwazazzabo daidai inda turba ta biyo. Ga gero da dawa sun rufe ido, manomi ya ɗan ci gefen burtali, hanyar da mota ta bi da rani ta koma ta babur kaɗai. Dutsen kansa ya yi gansakuka da santsi, kuma tsayawa a kan fa tsirara lokacin hadari sayar da rai ne saboda tsawa.

Kaka ita ce sarauniyar tafiya. Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba taɓo ya bushe, yashi bai kwance ba tukuna, an girbe gonaki. Hunturu bai toshe hanya, amma hazon Disamba da Janairu yakan rage gani a kan titi, ya kuma hana mai hawa ladan wahalarsa, don yana iya kaiwa sama bai hango ƙauyen da ya baro ba.

4.0 Shaidar Tarihi da Darasin Azbin

Magabata sun san wannan lissafi. Fatake sai bayan girbi suke ɗaura wa jakuna kaya, ayarin gishirin Bilma ma da kaka yake tashi daga Azbin. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Azbin a 1850 kafin ya iso Katsina da Kano a farkon 1851, ya ba da labarin yadda busasshen kwari ya zama kogi cikin ɗan lokaci har ya kusa cin zangonsu. Halin bai canza ba: a Satumban 2009 ruwan kwarin Telwa ya afka wa Agadas ya rushe gidaje masu yawa. Mai nufin Bagzan yana iya tarar da kwari ya yanke hanya alhali ko ɗigo bai sauka a kansa ba, saboda can saman tsauni aka yi ruwan. Ba yanayi kaɗai ke rufe wannan hanya ba. Rufe iyakar Nijeriya da Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ya tsayar da zirga-zirga ta Kongolam, rani da damina.

5.0 Inda Giɓin Yake

Manyan ayyuka sun zo Daura. An ɗora harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda ya biyo ta Kazaure da Daura, a Fabrairun 2021, an kuma kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin. Waɗannan duk za su kai mutum tasha ne. Daga tasha zuwa gindin dutse, ko zuwa kufai, ko rugar da mai naƙuda ke jiran mota, har gobe ɗan acaɓa da direban kasuwar Mai'adua da mai unguwa ne suka san wane mashigi ya cika, wane burtali ya toshe. An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai ya iso wurin kafin ya sami wanda zai tambaya, kuma a lokacin ya riga ya kashe kuɗin mota da yini guda.

A ganin mai wannan nazari, abin takaici ne ƙasar da ke da jami'ar sufuri a ce ba ta da rubutaccen jadawalin hanyoyinta na karkara. Aikin ba mai tsada ba ne. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara tun kafin saukar ruwa. Tsarin sarauta, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, ya kai kowane lungu. Abin da ya rage shi ne a haɗa ɗaliban jami'ar da waɗannan masu ƙasa, su bi hanyoyin ƙananan hukumomin biyar da na tsaunukan Kazaure, su rubuta wa kowace irin ƙasarta, da wuraren da take yankewa, da watannin da mota ko babur ko amalanke ke iya wucewa, sannan a riƙa karanta bayanin da Hausa a rediyo. Kuɗin gyara ma sai a fara zuba su a mashigai da kwalbatoci, tunda nan ne hanya ke mutuwa. Ana kira ga Majalisar Masarautar Daura da Jami'ar Sufuri su soma wannan ƙidaya da kaka, lokacin da duk hanyoyin ke biyuwa.