Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tarihin Agajin Unguwa A Birnin Kano

Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in yi rubutu a kan tarihi, sai na ga ya dace in ɗauko abin da ya shafi kowane ɗayanmu, wato yadda mutanen unguwa suke agaza wa junansu idan masifa ta afku, da yadda suke kintsawa tun kafin ta zo. Zan tsaya a kan birnin Kano domin shi na fi sani, amma na tabbata wanda ya tashi a Zariya ko Katsina ko Haɗeja zai ga garinsu a cikin bayanin.

Shiri mafi girma da Kanawa suka taɓa yi wa ɓacin rana shi ne ganuwa. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta wajen ƙarni na 12, aka yi ta faɗaɗa ta har zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da ma bayansa. Talakawa da bayi ne suka yi aikin da hannu bisa umarnin sarki. Da yake ginin ƙasa ne, kowace damina sai ruwa ya zaizaye shi, don haka gyara ba ya ƙarewa. Abin lura shi ne, a lokacin zaman lafiya ake wannan wahala, domin ranar da abokan gaba suka iso ƙofar gari babu sauran damar kwaɓa ƙasa. Haka kuma ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gine-gine su suka zama kududdufai, waɗanda suka daɗe suna shanye ruwan sama, ana kuma ɗibar ruwansu idan gobara ta tashi.

A cikin unguwa kuwa, mai unguwa shi ne idon kowa. Ya san gidan da aka yi baƙo, ya san gidan marayu da na tsohuwar da ba ta da mai kula da ita. Da an ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai kowane maigida ya hau soro ya yi yaɓe, ya gyara indararo, ya duba azarar da gara ta ci. Wanda ba shi da ƙarfi sai a yi masa gayya, samari su kwaɓa ƙasa, mata su dama kunu ko fura, kafin azahar an gama. Kwata ma haka ake yashe ta, kowa ya kama daga ƙofar gidansa har ya haɗu da maƙwabcinsa. Makara tana ajiye a masallaci, ga diga da shebur a wurin da kowa ya sani. Idan aka yi kururuwar gobara cikin dare, babu mai tambayar gidan wane ne, kowa sai ya fito da abin ɗibar ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana, kuma mutanen da sun riƙe wannan magana da gaske.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, wannan tsari ya sha jarrabawa mai tsanani. An yi fari a 1913, sai ga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, wadda ta hallaka mutane masu ɗimbin yawa a ƙasar Hausa. An sake yin wata a 1942, wadda aka sa wa suna 'Yar Gusau. A irin waɗannan shekaru abin da talaka ya dogara da shi shi ne hatsin da aka yi tsimi a rumbu, da zakka, da rancen damin dawa daga dangi ko maƙwabci. Amma idan masifa ta game ƙasa baki ɗaya, har mai bayarwa ya zama mai nema, to ƙarfin unguwa yakan ƙare. Wannan ita ce iyakar gayya, kuma daga nan ne buƙatar hukuma take fitowa fili. A zamanin En'e an samu duba-gari, masu shiga gida-gida suna leƙa randa da shadda da kwata, ana cin tarar mai ƙazanta. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin yadda mata ke rige-rigen shara da an ce ga duba-gari nan.

Da aka samu mulkin kai sai ƙungiyoyi suka shigo cikin aikin. A 1960 aka kafa Red Cross ta Nijeriya da dokar majalisa. A 1962 Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya jagoranci kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, a 1963 aka kafa Fityanul Islam a Kano, sannan Izala a Jos a 1978. Kowacce daga cikin waɗannan ƙungiyoyin addini uku ta fitar da rundunar 'yan agaji masu kaki. Su ne muke gani a filin idi da sansanin alhazai da asibitoci da wurin jana'iza, ba tare da albashi ba. Abin da suka ƙara a kan tsohuwar gayya shi ne horo: yadda ake tsayar da jini, da ɗaukar wanda ya karye, da tsara taron jama'a.

Ita kuwa gwamnati, farin 1972 zuwa 1974 ne ya farkar da ita, har ta kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa a 1976, wadda aka mayar da ita NEMA a 1999. A cikin 1976 ɗin ne kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi, wanda ya ɗauke yawancin iko daga hannun sarakuna da masu unguwanni. A nawa ganin, daga wannan lokaci ne kalmar nan ta "ai aikin gwamnati ne" ta samu gindin zama a bakinmu. Har ta kai sai da gwamnatin soja ta ƙaddamar da yaƙi da ƙazanta a nan Kano a 1985, ƙarƙashin shirin yaƙi da rashin ɗa'a, kafin mutane su fito share ƙofar gidansu. Abin da kakanninmu ke yi don kunyar maƙwabci, mu sai da aka nuna mana bulala.

To amma masifu ba su daina zuwa ba. A watan Agustan 1988 ruwan sama mai yawa ya fasa madatsar ruwa ta Bagauda, kuma a wannan damina dubban gidaje suka rushe a Kano da kewayenta. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 10,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Ranar Asabar 4 ga Mayu, 2002, lokacin da ajinmu ke ƙaramar sakandare, jirgin sama da ya tashi zuwa Legas ya faɗo a kan gidajen Gwammaja, sama da mutum 100 suka rasu. Mutanen unguwa suna cikin waɗanda suka fara tone ɓaraguzai suna zaƙulo waɗanda ginin ya danne. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A 2020 kuma, da aka kulle gari saboda korona har azumi ya riske mu a ciki, kwanon tuwon maƙwabci ne ya rufa wa gidaje da yawa asiri.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati na san hanyar da agajin hukuma ke bi. Sai an kai rahoto, a tura jami'ai su ƙiyasta ɓarna, a rubuta takarda, a jira sa hannu, sannan a sayo kaya a raba. Ko da kowa ya yi aikinsa tsakani da Allah, sai an ɗauki kwanaki. Shi kuwa wanda gini ya danne ko hayaƙi ya shaƙe, mintuna kaɗan gare shi. Saboda haka duk abin da za a yi a sa'ar farko yana wuyan maƙwabta ne, kamar yadda yake tun zamanin da. Tausayi bai ƙare a cikinmu ba, domin ana yin ihu za ka ga unguwa ta cika. Abin da ya yi ƙaranci shi ne shirin da ake yi tun da sauran lokaci. Mun cike kududdufai mun gina shaguna a kai, mun toshe magudanai da leda, mun matse lunguna har motar kashe gobara ba ta iya shiga. Yawancinmu kuma ba mu san abin da za mu yi wa wanda ya suma ba, ban da yayyafa masa ruwa da taruwa a kansa.

'Yan uwa, a cikinmu akwai likita da injiniya da malami da ɗan kasuwa, kuma kowannenmu yana da unguwa. Ina ba da shawara kowa ya je ya gaida mai unguwarsu, a tsayar da ranar yashe kwata tun watan Afrilu kafin ruwa ya sauka. A rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiya da za a fara fitarwa idan wani abu ya faru, a san mai motar da za a buga wa ƙofa cikin dare, a koya wa yara lambar kiran gaggawa ta 112. Ita kuma ƙungiyarmu, ina roƙon ta ɗauki nauyin koyar da taimakon farko ga ƙannenmu da ke makaranta a kowane zango, likitocinmu su riƙa zuwa bi da bi. Kuɗin da za a kashe bai kai na walimar taronmu na shekara ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya tsare unguwanninmu daga gobara da ambaliya da annoba. Amin.