Saurin sabunta hoto

Saurin sabunta hoto (suna, namiji): adadin sau nawa allon kwamfuta ke sake zana hotonsa cikin daƙiƙa ɗaya. Ana auna shi da Hz. Allon da ke kan 60Hz yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa.

Idan allon 4K, mai ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, ya maƙale a 30Hz, akan ɗora masa laifi, alhali galibi matsalar tana ramin da aka soka wayar a bayan kwamfuta. Ramin HDMI 1.4 ba ya wuce 30Hz da cikakken launin 4K, sai HDMI 2.0 ta 2013 ko DisplayPort 1.2 zuwa sama ke kai shi 60. Tsakanin allo da waya da katin hoto, mafi rauni ne ke yanke hukunci. Wani zai ce ai fim hoto 24 yake nunawa a daƙiƙa, ba wanda ya koka. Gaskiya ne, amma kyamara takan narkar da motsi cikin kowane hoto, kuma ɗan kallo zaune yake kawai. Kibiyar linzamin kwamfuta kuwa hannunka take bi. A 30Hz za ka ga tana tsalle-tsalle, rubutu yana dishi-dishi idan ka ja shafi ƙasa.