Kazar Koriya: Daga Sansanin Soja Zuwa Farantinmu

Yawancinmu a finafinan Koriya muka fara ganin soyayyiyar kazar nan, kafin mu same ta a gidan abinci. Ranar da aka ajiye mana ita tana ƙyalli da jar miya mai zaƙi da yaji, fatarta ƙaras-ƙaras saboda sau biyu ake tsoma ta a mai, mun ɗauka girki ne na kaka da kakanni. Ashe da yawa cikin iyayenmu sun girme ta.

A da, mutanen Koriya a romo suke dafa kaza, kuma ba kowane gida ke iya sayenta ba. Man suya ma tsada gare shi. Sojojin Amurka da suka zauna a ƙasar lokacin yaƙin 1950 zuwa 1953, da bayansa, su ne suka yaɗa suyar kaza cikin mai mai yawa. Daga sansanoninsu kuma aka samo budae jjigae, wato miyar barikin soja, da talakawa suka haɗa da ragowar naman gwangwani lokacin yunwa. Wanda ya gan ta a jerin abinci ya tambaya kafin ya yi oda, don asalinta da naman alade ake yi.

Da man girki ya yi araha a shekarun 1970, sai suya ta kankama. A 1977 aka buɗe Lims Chicken a kantin Shinsegae da ke Seoul. Jar miyar da ta ja hankalinmu, yangnyeom, ana danganta ta ga Yoon Jong-gye na birnin Daegu, a farkon shekarun 1980, wanda ya nemi dabarar da za ta hana kaza bushewa idan ta huce.

Amma abin da ya cika unguwanni da shagunan kaza masifa ce. A ƙarshen 1997 tattalin arzikin Koriya ta Kudu ya durƙushe, har gwamnati ta nemi ceto wurin asusun IMF. Manyan kamfanoni suka ruguje, aka sallami magidanta masu shekara arba'in da hamsin da babu mai sake ɗaukarsu. Mutum ya karɓi kuɗin sallamarsa, bai iya wata sana'ar hannu ba, ga yara a makaranta. Tukunyar suya ba ta buƙatar dogon koyo, sai ya zuba jarinsa duka a ciki. Maƙwabcinsa ma haka. Shaguna suka yi yawa, riba ta ƙaranta, da yawansu suka rufe da bashi a wuya.

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta, wannan ɓangaren ya fi taɓa mu. Abokan sana'armu na can suna da wani barkwanci: idan manhajarka ta ƙi aiki, ka tambayi mai soya kazar unguwarku, don shi ma a kujerarka ya zauna kafin a sallame shi.