Sarauniyar Lugu a Majigi: Maita, Soyayya da Iko

A watan Afrilu na shekarar 1899 rundunar Faransa, ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, ta faɗa wa garin Lugu da ke kusa da Dogon Dutsi, a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi. Mutanen garin, waɗanda Azna ne masu bin addinin gargajiya, suka tsaya bayan Sarauniyarsu Mangu, suka yi ta ruwan kibau, sa'an nan suka janye cikin sarƙaƙiya. An kashe wa rundunar mutum 4, aka raunata 6. Wata uku bayan haka sojojin hafsoshin nan biyu suka yi musu bore suka kashe su a yankin Tasawa, ragowar rundunar kuma ta wuce ta ci Damagaram, birnin da ke arewa da Gumel da Maigatari. Masu ba da labarin baka da yawa ba su raba wannan mugun ƙarshe da asirin Sarauniya ba.

Joalland, ɗaya daga hafsoshin rundunar, ya ambace ta a littafinsa na 1930 a matsayin tsohuwar mayya, bai kuwa ba ta fiye da 'yan layuka ba. A nan ne kuskuren ya fara. Ga Bahaushe, mayya ita ce mai kama kurwar mutum ta cinye, ko ta sha maitar a nono ko ta saya, kuma abin gudu ce ko a cikin danginta. Sarauniyar Lugu kuwa muƙami ce, watau mai tsaron tsafin gari da ke tsaye tsakanin mutane da iskoki, wadda jama'arta ke danganta asalinsu da Daura, suna kuma kai shari'a gaban dutsen Tunguma. Bature ya tara mayya da matsafiya da 'yar bori a cikin kalma guda, alhali kuwa kowacce da gidanta.

Shekaru 81 bayan yaƙin, watau a 1980, marubucin Nijar Abdoulaye Mamani ya fitar da ƙagaggen labarinsa mai suna Sarraounia da Faransanci. Daga shi ne Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya shirya fim a 1986. An so a ɗauke shi a Nijar, amma shirin ya wargaje a zamanin Seyni Kountché, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta karɓi aikin, aka ba Aï Keïta matsayin Sarauniya. A 1987 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu.

Hondo bai musanta asirin ba, sai dai ya juya shi. Abin da Bature ya kira maita ya zama ilmi: sanin saiwa da ganye, da harbin baka, da iya riƙe zukatan mayaƙa, duk a hannun Dawa, wanda ya rene ta bayan rasuwar mahaifiyarta. Tsoron ta ya riga kibanta isa sansanin abokan gaba, har sojojin Afirka da ke cikin rundunar suka karaya tun ba a gwabza ba. Hauka da shan jini kuwa, waɗanda aka saba jingina wa mayu, sai fim ɗin ya ɗora su a kan Voulet. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ita ce ƙarfin fim ɗin.

Amma fa sai da aka canza matar kafin ta dace da majigi. Tsohuwar da Joalland ya ambata ta koma budurwa kyakkyawa mai fita fagen fama da kanta. An ba ta masoyi, jarumi Baka, amma ba a zaunar da ita a ɗakin miji ba, ba a kuma ɗora mata goyo ba. Ga alama mai labari ya kasa hango mace mai iko wadda ke da miji da 'ya'ya kamar kowa. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello sun ambaci Amina ta Zazzau saboda yaƙi da karɓar haraji, amma labarin baka ne ya ƙara cewa ta ƙi aure, tana ɗaukar namiji a garin da ta ci, gari na wayewa a kashe shi. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda ya fito a 2021, shi ma bai ga yadda zai yi ba sai da ya saƙa mata soyayya mai ƙarewa da baƙin ciki.

Fina-finan bidiyo na Kano, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, sun bi wata hanya dabam. A cikinsu asirin mace ya sauko daga fagen yaƙi ya shiga tsakar gida: kishiya ko uwar miji ce ke zuwa wurin boka don mallake namiji, kuma yawanci asirin kan karye ta ƙare da nadama ko hauka. Ikon da Hondo ya mayar garkuwar al'umma, a nan ya zama makamin kishi.

A Lugu kuwa sarautar ba ta mutu da Mangu ba, an ci gaba da naɗa wasu a bayanta, dattijai masu zaman ɗaki da kula da tsafi, waɗanda ba su yi kama da jarumar fim ba ko kaɗan. Har ila yau, da yake a Burkina aka ɗauki fim ɗin, harsunan da ake ji a cikinsa Jula ne da Fulatanci da Faransanci, saboda haka Bahaushen Dogon Dutsi ko na Ɗanzomo sai da tafinta zai ji abin da Sarauniya ke faɗa wa mayaƙanta.