Tarin Fuka da Ma'aikaci: Tarihin Bincike da Rigakafi a Wuraren Aiki

Tarin fuka, wanda mutanenmu kan kira tibi, tsohuwar cuta ce, amma ba a gane asalinta ba sai ran 24 ga Maris, 1882, sa'ad da wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya bayyana wa taron masana a Balin cewa wata 'yar ƙwaya ce ke kawo ta. A zamanin nan kimanin mutum ɗaya cikin bakwai na masu mutuwa a Turai ita ke kashe shi. Ƙwayar tana bin iska ne in mai cutar ya yi tari ko atishawa. Saboda haka duk inda aka tara mutane a ɗaki mai ƙarancin iska da haske, ga yunwa, ga gajiya, nan ta fi samun gindin zama. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun yadda aka yi da ma'aikaci game da wannan cuta, musamman mutumin ƙasar Sakkwato.

Ba a fahimtar al'amarin sai an fara da cin rani. A ranin 1952 zuwa 1953 aka ƙidaya masu fita daga Lardin Sakkwato a kan manyan hanyoyi da mashigai, aka sami fiye da mutum 250,000, yawancinsu 'yan lardin ne, waɗansu kuwa daga ƙasar Nijar suka ratso. Mansell Prothero, masanin labarin ƙasa, shi ya tsara sakamakon wannan ƙidaya. Waɗansu sun nufi ƙasar Yarbawa, waɗansu Filato wurin haƙar kuza, waɗansu har ƙasar da ake kira Gana yanzu, inda ake aikin koko da haƙar zinariya. Ɗan cin rani kuwa ya kan kwana ne a zaure ko bukkar bariki tare da mutane masu yawa, yana matse bakin aljihu don ya koma gida da kuɗin haraji da na aure. In ya ɗauki cutar can, ba ta cika nuna kanta ba sai bayan watanni, watau sa'ad da ya riga ya komo cikin iyalinsa.

A ramukan zinariya ne aka fara ganin abin a fili. Ƙurar dutsen da ake fasawa tana shiga huhu ta bar tabon da ba ya warkewa, wanda kuma huhunsa ya yi haka, haɗarin kamuwarsa da tarin fuka ya kan ninka na sauran mutane kamar sau uku. A Afirka ta Kudu an yi dokar biyan diyya saboda ciwon huhun mahaƙa tun 1912, a 1930 kuma aka yi taron ƙasashen duniya na farko kan cutar ƙurar dutse a Johannasbag. Amma fa babban rabon diyyar Turawa ne suka samu. Baƙin mutum in an auna shi an ga yana ramewa, sai a sallame shi ya koma ƙauyensu, littafin kamfani ya nuna mace-mace sun ragu, alhali kuwa cutar wuri kawai ta sake. A Gana ma, mace-macen leburorin da ake ɗebowa daga arewacin ƙasar sun yi yawa har aka aiko Farfesa William Simpson ya bincika a 1924, aka kuma tsai da irin wannan ɗiba zuwa ramuka.

A ƙasarmu mafi tsananin abin da aka gani shi ne aikin tilas na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta kame Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta, sai Gwamnati ta umarci En'e-En'e su ɗebo mutane zuwa Filato. Daga 1942 zuwa 1944 an kai dubban talakawa daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato. Mutanen da suka saba da zafi aka kai su cikin sanyin dutse, ba isasshen abinci, ba bargo, ba masauki na kirki. Ciwon huhu da atuni suka kashe da yawa, har maganar ta kai Majalisar Dokokin Ingila, aka soke tsarin a 1944. Masanin tarihi Bill Freund ya ba da labarin wannan a littafinsa na 1981 kan mahaƙan kuza. Lalle irin wannan zama shi ne gonar tarin fuka, sai dai cuta ce mai jinkiri, takan ci mutum a gidansu, nesa da idon likitan kamfani.

To, ina amfanin bincike a zamanin da babu magani? An gano hoton da ke nuna cikin jiki a 1895, an fara allurar rigakafi ta BCG a Faransa a 1921, amma magani na farko mai kashe ƙwayar, watau sitireftomaisin, sai a 1943 aka samo shi a Amurka, aisoniyazid kuwa ya biyo baya a 1952. Kafin nan duk wanda aka gano da cutar a wurin aiki, kora ce rabonsa. Ba abin mamaki ba ne da lebura ya koyi ɓoye tarinsa. Binciken da aka fara a Madaras ta Indiya a 1956 ya nuna mai shan magani a gida yana warkewa daidai da wanda aka tsare a asibiti, bai kuma fi shi harbin iyalinsa ba. Daga nan hujjar korar ma'aikaci ta faɗi, ko da ya ke ɗabi'ar ba ta faɗi tare da ita ba.

Bayan samun mulkin kai masana'antu suka iso Sakkwato. An kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, ya fara aiki a Kalambaina a 1967. Nijeriya ta kafa shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, da makarantar horad da ma'aikatansa a Saye kusa da Zariya, ta kuma soma tsarin shan magani a gaban ma'aikacin lafiya a 1993, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta zama abin gaggawa ga duniya duka. A 2010 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa tarin fuka cikin jerin cututtukan da ake ɗauka a bakin aiki, Nijeriya ta yi sabuwar dokar diyyar ma'aikata, aka kuma amince da na'urar GeneXpert mai gwada kaki cikin sa'o'i biyu.

A wannan shekara ta 2010 ɗin ne kuma tsohon darasi ya komo. A ƙasar Anka da Bukkuyum, waɗanda dā suke cikin Lardin Sakkwato, gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara kimanin 400. Da aka auna iskar wuraren niƙan daga baya, sai aka tarar da ƙurar dutse mai yawan gaske, aka kuma ga fesa ruwa wajen niƙa yana rage ta ƙwarai.

Abin lura shi ne dokokin nan an yi su ne domin wanda wani ya ɗauka aiki. Amma yawancin masu neman abinci a unguwanni irin su Gidan Dare, da tela, da makaniki, da mai fasa dutse, da ɗan dako, ba su da likitan kamfani, ba su da hutun jinya. Gwaji da maganin wata shida kyauta ne a asibitocin da ke cikin shirin Gwamnati, wanda kuma ya yi mako biyu yana tari ya kamata a gwada kakinsa. Sai dai tarihi ya nuna ma'aikaci ba ya kawo kansa gwaji in ya san sakamakon zai raba shi da abincinsa. Bincike ya kan yi amfani ne in an haɗa shi da abu uku: magani har ƙarshe, da gyaran iska da ƙurar wurin aiki, da alkawarin cewa wanda ya warke zai tarar da gurbinsa. Inda aka rasa na ukun, cutar za ta ci gaba da bin hanyar da ta bi da 'yan cin rani, daga bariki zuwa ɗakin iyali.